Tsirkiya Ɗaya da Kunnen Mai Sauraro: Juyayi a Waƙoƙin Ɗan Maraya Jos



1. Gabatarwa

Ranar Asabar 20 ga watan Yuni 2015, cikin kwanakin farko na watan azumi, Allah ya yi wa Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos rasuwa a garin Jos. Tun daga wannan rana kuntiginsa ya yi shiru, amma waƙoƙinsa suna nan ana jin su a gidajen rediyo da tashoshin mota da teburin mai shayi, har ma da wayoyin hannu na samarin da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Idan aka tambayi masu ƙaunar waƙoƙin nan abin da suke ji game da su, sau da yawa amsar takan zama cewa suna sa jikin mutum ya yi sanyi, ya shiga tunanin duniya. To, a nan tambaya take. A al'adar Hausawa an fi sanin kiɗa da biki da suna da naɗin sarauta da hawan salla, watau wuraren murna da ƙasaita. Me zai sa mutum ya nemi waƙar da za ta sanyaya masa jiki, ya saurare ta, gobe kuma ya sake nemanta?

Amsar da wannan lacca za ta bayar ita ce, Ɗan Maraya ya tsara waƙarsa ta yadda ba ta cika sai da mai sauraro. Bai ɗauki 'yan amshi ba, kiɗansa bai wuce tsirkiya ɗaya ba, kuma mutanen da ya fi yi wa waƙa su ne waɗanda ba a saba yi wa ba. Da wannan sai ya bar gurbi a cikin waƙar, mai sauraro kuwa shi ke cike gurbin da abin da ya sani na wahalar zaman duniya. Za a bi wannan magana daki-daki, a fara da asalin mawaƙin da garin da ya tashi, a zo kan kayan kiɗansa da irin juyayin da ke cikin waƙoƙinsa, sa'an nan a duba sukar da ake yi masa da kuma nauyin da ya rage a wuyan masu sauraro bayan rasuwarsa.

2. Maraya a garin baƙi

An haifi Ɗan Maraya a shekarar 1946 a Bukuru, kudu da Jos kaɗan. Sunansa na yanka Adamu. Mahaifinsa, Malam Wayya, mutumin ƙasar Sakkwato ne, kuma makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Mahaifin ya rasu yaron yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyar ita ma ta bi shi, sai Sarki ya ɗauki yaron ya riƙe. Daga nan laƙabin ya samo asali. Wannan laƙabi abin lura ne ƙwarai. Manyan mawaƙan Hausa sun saba su yi wa kansu kirari na isa da buwaya, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa da Mamman Shata kowanne ya yi tasa Bakandamiya. Shi kuwa wannan mawaƙi, sunan da duniya ta san shi da shi sunan rashi ne. Duk lokacin da mai gabatar da shiri a rediyo ya ambace shi, ya riga ya gaya wa mai sauraro cewa wanda zai yi magana ya san rashin uwa da uba.

Garin da ya tashi a cikinsa shi ma yana da nasa tasiri. Bukuru ba tsohon birni ba ne mai ganuwa irin Kano ko Katsina ko Zariya. Haƙar kuza ce ta raya shi. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso yankin a 1914, kuma a Bukuru ne babban kamfanin kuza na Amalgamated Tin Mines of Nigeria ya kafa cibiyarsa. Mutane suka yi ta kwararowa neman aiki daga ƙasashen Kano da Sakkwato da Bauchi da Barno, ga Inyamurai da Yarbawa, suka zauna tare da Birom masu ƙasa. A tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Turawa ta riƙa ɗebo talakawa daga lardunan Arewa ta tilasta musu aikin kuza, abin da aka sa wa suna ɗiban gwamna, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Shekara biyu kacal bayan ƙarewar wannan aikin tilas aka haifi Adamu.

Saboda haka yaron ya buɗe ido ne a tsakanin leburori da direbobi da yaran mota da 'yan ga-ruwa da mata masu sayar da abinci, mutanen da yawancinsu suka bar dangi a nesa. A tsohon birni akan san mutum da gidansu da unguwarsu da sana'ar kakanninsa. A barikin kuza kuwa da guminsa ake saninsa, in ya kwanta ciwo ba lalle ne a sami mai ba shi ruwa ba. Watau a irin wannan wuri kusan kowa maraya ne ta wata fuska. Tun bai kai shekarun balaga ba Adamu ya yi tafiya zuwa Maiduguri, ya ga makaɗan can suka burge shi, ya haɗa kuntigi na kansa, kuma da shi ya yi sana'a har ƙarshen rayuwarsa.

3. Kuntigi da rashin 'yan amshi

Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Yawanci da gwangwanin kifi ake yin ƙoƙonsa, a rufe da fatar akuya, a sa masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya. Ba shi da tsada, kuma mutum na iya sa shi a aljihun babbar riga ya yi tafiyarsa. In aka ajiye shi kusa da kotson Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, ko taushin Salihu Jankiɗi, ko kalangan Shata, sai a ga kamar abin wasan yara ne. Amma bambancin da ya fi muhimmanci yana ga tsarin waƙar kanta.

A ƙungiyar makaɗan fada, jagora shi ke zuba ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa da gindin waƙa, makaɗa su ƙarfafa, sanƙira kuma yana gefe yana kwarzanta abin da aka faɗa da kyautar da aka bayar. Masanin nan M. G. Smith ya nuna a cikin nazarinsa na 1957 cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma, a bayyana wane ne babba, wane ne ke bin wane. A cikin wannan tsari amshi kamar shaida ne. Jagora ya faɗi magana, muryoyi da yawa su gaskata ta nan take, ta yadda kafin ta iso kunnen mai sauraro an riga an yanke hukunci a kanta. Abin da ya rage masa shi ne ya ji daɗi, ko ya yi rawa, ko ya yi kyauta.

A waƙar Ɗan Maraya ba wanda ke gaskata magana. Idan ya faɗi layi ya ja numfashi, kuntigi kaɗai ke ci gaba da 'yar ƙararsa har ya dawo. Ko inda yake maimaita gindin waƙa, shi da kansa yake maimaitawa, kamar mutumin da ke nanata wa kansa magana. Wannan ɗan tsakani da tsirkiya take ita kaɗai, shi ne gurbin da aka ambata a baya. A cikinsa ne mai sauraro yake gyaɗa kai, ko ya yi ajiyar zuciya, ko ya ce lalle haka ne, ko ya tuna wani ɗan'uwansa da abin ya taɓa faɗa wa. A taƙaice, aikin da 'yan amshi suke yi wa Ɗanƙwairo, mai sauraro ne ke yi wa Ɗan Maraya.

Har ila yau ƙarancin ƙarar kuntigi yana da amfani. Ba zai cika filin hawan daba ba, don haka dole a matso kusa, a yi shiru. Da yake kuma kiɗan bai danne murya ba, kowace kalma tana fita sarai. Ɗaliban harshe sun san Hausa tana da karin sauti na sama da na ƙasa da faɗau, tana kuma bambanta dogon wasali da gajere. Sun kuma san jimlar Hausa ta bayani takan fara a sama ta riƙa gangarowa har ƙarshenta. Mawaƙin da ya tsaya kusa da maganar yau da kullum, kamar yadda Ɗan Maraya ya yi, rerawarsa takan ɗauki wannan gangara, sai kunne ya ji ta kamar nasihar dattijo a zaure bayan sallar isha'i. Wannan sauƙi kuwa ba sakaci ba ne. Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi nazarin ma'aunin waƙoƙinsa na aure, ya nuna yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi suke bin ƙa'ida a cikinsu.

4. Wane irin baƙin ciki?

Akan ce waƙoƙin Ɗan Maraya na baƙin ciki ne, amma Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fanni, kuma ya kamata a tantance. Baƙin ciki ciwo ne mai ƙuna a zuciya, har yakan gangara zuwa hassada, shi ya sa ake cewa wane ɗan baƙin ciki ne. Takaici ɓacin rai ne mai haɗe da fushi a kan abin da bai kamata ya faru ba. Bege da kewa na wanda ba ya kusa ne. Alhini da jimami sukan biyo bayan rashi. Juyayi kuwa shi ne mutum ya riƙa jujjuya wani al'amari a zuciyarsa cikin damuwa mai sanyi, tausayi kuma shi ne jin ciwon da ke jikin wani. Idan aka auna waƙoƙin Ɗan Maraya da wannan ma'auni, za a ga juyayi da tausayi ne suka fi yawa a cikinsu. Ba ya kururuwa, ba ya la'antar zamani da zafin rai. Yakan kwatanta halin da wani yake ciki ne a hankali, ya bar mai ji ya auna.

Irin wannan murya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sai dai ba a fada take zaune ba. Tana cikin gida, a waƙoƙin da mata ke yi wajen niƙa da daka da raino, inda mace ita kaɗai take rera abin da ke damunta game da kishiya ko uwar miji ko nisan gidan iyaye. Tana kuma cikin waƙoƙin wa'azi masu tuna mutuwa da ƙarewar duniya, irin waɗanda makafi da almajirai ke rerawa ƙofa-ƙofa, kamar Imfirajin Malam Aliyu Namangi na Zariya. Abin da Ɗan Maraya ya yi shi ne ya ɗauko wannan murya ta mutum ɗaya, ya haɗa ta da kiɗa, ya fito da ita tasha da kasuwa.

A nan ne ake iya fahimtar dalilin da ya sa ake neman waƙar. Tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kunya da dauriya da kara. Namiji ba ya kuka a gaban jama'a, magidanci ba ya fallasa babunsa, matar aure ba ta kai ƙarar mijinta ko'ina da ko'ina. Mutum yakan haɗiye abu shekara da shekaru bai sami inda zai ajiye ba. Waƙar Ɗan Maraya tana ba shi wurin ajiyewa ba tare da ya tona asirinsa ba, domin idan idonsa ya ciko yana sauraro, ai tausayin yaron mota ko na yarinyar da aka yi wa auren dole yake ji. Ba wanda zai tambaye shi abin da ke damunsa, shi kuwa ya sami sauƙi.

5. Waɗanda aka yi wa waƙa

Waƙar da ta fara fito da Ɗan Maraya, wadda har yanzu tana cikin waɗanda aka fi saninsa da su, ita ce ta Karen Mota. Sunan kansa ya isa shaida a kan yadda jama'a ke kallon wannan yaro. Shi ke kiran fasinja, shi ke loda kaya, shi ke canja taya, shi ke tura mota in ta mutu, duk da haka sunan kare aka ba shi. Ɗan Maraya ya ɗauki yabo, wanda a al'ada kayan sarakuna da attajirai ne, ya miƙa wa wannan yaro. Yaron mota ba shi da doki ko riga da zai bayar tukuici. Saboda haka waƙar ta fita daga cinikin da aka saba tsakanin maroƙi da ubangidansa, ta koma magana tsakanin mawaƙi da jama'a a kan wani na uku. Fasinjan da ya saurare ta, in ya sake ganin yaron a rataye a bayan mota cikin hunturu, da wani ido zai dube shi.

Haka abin yake a waƙoƙinsa na zaman iyali. A Auren Dole ya soki al'adar iyaye su zaɓa wa 'yarsu miji ba da son ranta ba. A Jawabin Aure ya jero matsalolin da saki ke haifarwa, ya ja hankalin ma'aurata su sasanta. A Gulma Wuya ya kwatanta magulmaciyar unguwa wadda ke haɗa baki da boka don raba mata da mazajensu, yana kwaikwayon muryar kowane ɗaya daga cikinsu kamar wasan kwaikwayo. A Mai Akwai da Babu ya duba zaman mai hali da marar hali, a Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali kuma ya duba sauye-sauyen zuciyar mutum. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da yawa, inda ya riƙa kwatanta abubuwan da ke faruwa a fagen fama.

Abin da ya haɗa waɗannan waƙoƙi shi ne yawancin mutanen cikinsu ba su da suna. Waƙar fada takan ambaci sarki da ubansa da kakansa da garuruwan da ke ƙarƙashinsa, ta yadda ba mai iya ɗaukarta ya ce tasa ce. Amma yaron mota da amaryar dole da talaka mai neman na tuwo, kowane gari akwai su, kusan kowane gida ma akwai su. Mai sauraro shi ke sa musu suna da fuska daga cikin mutanen da ya sani. Wannan shi ne gurbi na biyu da mawaƙin ya bari.

6. Rediyo da sauraron kaɗaici

Zamanin da Ɗan Maraya ya fito ya dace da irin waƙarsa. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya shiga ƙauyuka, sa'an nan kaset ya yaɗu a shekarun 1970. Kafin wannan, wanda ke son jin mawaƙi sai ya je inda ake wasa, ya tsaya cikin taro. Da rediyo da kaset suka zo, sai aka sami sabon nau'in mai sauraro, watau mutum shi kaɗai. Akwai direban babbar mota da ke tafiyar dare, da maigadi a bakin ƙofa, da matar da ke cikin kulle, da ɗalibin makarantar kwana, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garin da bai san kowa ba, da Bahaushen zango a Kumasi ko Ankara ta ƙasar Gana.

Waƙar fada in ta shiga akwatin rediyo takan yi asarar wani abu, domin ba a ganin dawaki da 'yan lifida da sarkin da ake yi dominsa. Waƙar kuntigi ba ta asarar kome. Hasali ma ƙaruwa take yi, domin makirfo yana ɗaga 'yar ƙarar tsirkiya ya kawo ta daf da kunne, sai mai sauraro ya ji kamar shi kaɗai ake yi wa magana. Mutum ɗaya yana rerawa, mutum ɗaya yana ji, kowannensu kuma ya san kaɗaici. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Game da Ɗan Maraya ana iya ƙarawa da cewa a kunnen wanda abin ya shafa ta fi ma'ana.

7. Suka iri biyu

Akwai masu cewa kiran waɗannan waƙoƙi na juyayi kuskure ne, domin Ɗan Maraya mutum ne mai ban dariya, kuma duk wanda ya ji yadda yake kwaikwayon muryar magulmaciya da ta boka sai ya dara. Gaskiya ne akwai raha. Amma a dubi abin da ake yi wa dariyar. Aure ne ke mutuwa, gida ne ke watsewa, 'ya'ya ne za su tashi a hannun matar uba. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa magana mai ɗaci ta fi shiga in an haɗa ta da wasa, shi ya sa ake da wasan tobassai da na jika da kaka, inda ake faɗin gaskiya ba a yi faɗa ba. Dariyar tana buɗe kunne ne, juyayin ya biyo baya idan waƙa ta ƙare.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ta fi fitowa daga bakin ɗalibai. Sukan ce mawaƙin da ke kwatanta wahalar talaka, sa'an nan ya ƙare da kiran haƙuri da sasantawa, lallashi kawai yake yi, yana sa wanda aka zalunta ya saba da zalunci. Sukan ƙara da cewa ai hukuma ba ta taɓa jin tsoronsa ba, tun da gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Wannan magana ba a yar da ita gaba ɗaya. Ɗan Maraya ba mawaƙin jam'iyyar adawa ba ne irin mawaƙan NEPU na shekarun 1950, kuma bai kira talakawa su tashi tsaye ba. Wanda ya je wurinsa neman tsarin gyaran tattalin arziki zai dawo hannu wofi.

Sai dai akwai abu biyu da masu wannan suka suke tsallakewa. Na farko, ba ko'ina ya yi kiran haƙuri ba. A kan auren dole iyaye ya fuskanta kai tsaye, a zamanin da faɗin haka a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, kafin a gyara halin da mutum yake ciki sai an fara ganinsa a matsayin mutum. Wannan ya shafi ma'aikatan gwamnati musamman. A ofis talaka yakan zama lamba a fayil, ko layi a cikin rahoton ƙidaya, ko wani mai damu da ke tsaye a bakin ƙofa tun safe. Akawu ko alƙali ko jami'in jin daɗin jama'a da ya saurari waƙar Karen Mota ko Auren Dole da kunnen basira, an gabatar masa da mutanen da takardun teburinsa ke magana a kansu. Abin da zai yi da wannan sani ya rage nasa, domin shi ke riƙe da alƙalami, mawaƙi kuwa tsirkiya kawai yake riƙe da ita.

8. Bayan rasuwarsa

Mutuwar mawaƙi takan sauya yadda ake jin waƙarsa. Muryar da a da take magana a kan rashin wasu, yanzu ita kanta tana cikin abin da aka rasa. Ga mutanen Jos kuwa akwai ƙari. Garin ya sha rikice-rikice masu muni a watan Satumba 2001 da Nuwamba 2008 da Janairu 2010, aka yi asarar rayuka masu yawa, unguwanni suka rabu bisa addini da ƙabila, kuma Bukuru tana cikin wuraren da abin ya shafa. Ɗan Maraya ya ci gaba da zama a Jos har ajalinsa. Wanda ya san garin a da, in ya ji kuntigin nan, tare da juyayin da ke cikin waƙar yakan ji kewar wancan zama da baƙi daga ko'ina suka yi da juna a tasha ɗaya da kasuwa ɗaya.

Amma kewa kaɗai ba ta adana kome. Waƙoƙin da ke yawo a wayoyi da intanet yawancinsu an kwafo su ne daga tsofaffin kaset, wasu an yanke farkonsu ko ƙarshensu, ba shekarar ɗauka, ba wurin ɗauka, wani lokaci ma sunan da aka liƙa musu ba nasu ba ne. Zaren ɗaukar magana yana lalacewa da zafi da laima da ƙura. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗi cewa na'urorin da ke karanta irin wannan zare suna ƙarewa, don an daina ƙera su da kayan gyaransu, kuma duk abin da ba a juya shi zuwa kwamfuta ba yana iya salwanta. Bugu da ƙari, tun daga shekarun 1990 kiɗan fiyano na finafinan Hausa ya mamaye kasuwa, matasa masu koyon kuntigi da gurmi da kukuma sun yi ƙaranci.

Saboda haka aiki ya rabu biyu. Ma'aikatan gidajen rediyo da hukumomin al'adu da ma'adanar tarihi, su ne ke da mabuɗan ɗakunan da tsofaffin faya-fayai suke, kuma su ke rubuta kasafin kuɗi. Ya kamata a ƙidaya abin da ke akwai, a juya shi cikakke, a rubuta duk bayanin da ke jikin kwalinsa, a kuma kiyaye haƙƙin magadan mawaƙin. Ɗalibai kuwa aikinsu shi ne rubuta matanin waƙoƙin da kyau, da alamar karin sauti da tsawon wasali inda ake bukata, su kuma je wurin dattawan da suka ji waƙoƙin a lokacinsu, tsofaffin direbobi da leburorin kuza da tsofaffin soja da iyaye mata, su tambaye su inda suka fara jin kowace waƙa da abin da ta tuna musu. Idan gaskiya ne mai sauraro ne ɗan amshin Ɗan Maraya, to, rabin waƙar yana bakin waɗannan dattawa, su kuwa kullum raguwa suke yi.

9. Kammalawa

An ga yadda maraici da zaman bariki suka ba Ɗan Maraya ido na ganin waɗanda ba a gani, da yadda kuntigi da rashin 'yan amshi suka bar wa mai sauraro wurin shiga cikin waƙa, da yadda kunyar Bahaushe ta sa yake bukatar muryar wani don ya sauke abin da ke zuciyarsa. Daɗin da ake ji a waƙoƙin nan daɗin samun abokin juyayi ne, wanda ya san abin da ke damun mutum ba tare da an gaya masa ba. Wanda ya saurare su yana hira ko yana ciniki zai ji ɗan kiɗa mai maimaita kansa kawai. Sai an zauna an yi shiru, an bar tsirkiyar ta gama abin da take faɗa tsakanin layi da layi, sa'an nan ake gane abin da ya sa yaron da ya tashi ba uwa ba uba, da gwangwanin kifi a hannunsa, ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Hausa na ƙarni na 20.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa.